Mai Farin Kwalli na Moilaha

Moilaha, ranar Talata.

Zuwa ga Mamana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kina lafiya. Yaya ƙafar taki? Allah ya ƙara sauƙi. Ki gaishe mini da Yaya Muhdar da iyalinsa.

Mun iso lafiya, sai dai teku ta wahalar da ni bayan mun wuce tsibirin Bacan. Baba kuwa ko a jikinsa. Yana zaune a goshin jirgi yana gaya wa matuƙi inda duwatsu suke, shi da ko tafin hannunsa ba ya gani sosai. Waya ba ta kamawa a nan, don haka mai jirgin kanumfari zai riƙa kawo miki wasiƙa can gida Ternate.

Na san ba ki so tafiyar nan ba, ni ma haka. Amma abin da aka gaya wa Baba gaskiya ne. Masu haƙar ma'adinai sun nemi dajin bayan gari, mutane kuma sun rabu biyu. Masu son a sayar sun ce ɗan koren tsuntsun nan da Baba ya gano yana saurayi, mai farin kwalli a ido, ya daɗe da ƙarewa, to me ake tsarewa? Baba ya ce sai ya ji da kunnensa.

Gidan Liman Idrus muka sauka, abokin gardamar Baba tun zuwansa garin na farko, lokacin da Baba ya ce tsuntsayen tsibiran nan kakansu ɗaya, teku ce ta raba su, kowane ya sauya gwargwadon inda ya samu kansa. Da ganinmu Liman ya ce, "Lale da jikan biri!" Baba ya ce, "Da ina gani, da na ce kai ne ka fi kama da kakan namu." Sai da na maimaita wa Liman da ƙarfi, don kunnensa ya yi nauyi, sannan ya yi dariya har da tari. Suka rungume juna, Mama, suka daɗe ba su saki ba.

Ki huta lafiya.
'Yarki, Hairia.

Moilaha, ranar Lahadi.

Mama,

Sallama da gaisuwa irin ta kullum. Ina fata jiki da sauƙi, kuma kina shan maganin a kan kari.

Har yanzu shiru. Kullum bayan asuba nakan riƙe hannun Baba mu hau hanyar gonakin kanumfari zuwa bakin daji. Sai ya tsaya ya karkata kai, ya ambaci sunan duk mai kuka, amma ban da wanda muka zo nema. Jiya zazzaɓi ya taɓa shi, tuwon sago, wanda ake yi da garin wata bishiya, kaɗan ya ci da romon kifi. Na ce mu koma gida, ya ce, "Hairia, kin taɓa ganin an tashi kasuwa ba a yi ciniki ba?"

Akwai abin da nake so in gaya miki. Na taso ina jin haushin tsuntsayen nan, don sallolin da muka yi ba Baba sun fi waɗanda muka yi da shi. Amma a nan na ga wani Baban da ban sani ba. Tsofaffin da suke harbin tsuntsaye a da suna zuwa su zauna kusa da shi, suna tuna yadda ya sa suka ajiye bindiga ba da faɗa ba, sai da zama da hira. Malamar makarantar garin ta ce da littafinsa take koyar da yara. Haushin bai tafi duka ba, amma ya yi sanyi.

Shi da Liman kuwa suna nan suna fama. Liman ya ce wa Baba, "Taher, Allah ne ya halicci kowane tsuntsu." Baba ya ce, "Wa ya ce a'a? Ni aikinsa na tsaya kallo, kai ka wuce da sauri."

Ranar Juma'a bayan salla za a yanke shawarar dajin. Ki sa mu a addu'a.

'Yarki, Hairia.

Moilaha, ranar Asabar.

Mamana,

Assalamu alaikum, da fatan wannan ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Baba ya warware, alhamdulillahi.

Shekaranjiya Liman ya ce zai bi mu, wai ya gaji da ganin makaho yana yawo a dajin mutane. Muka wuce inda muka saba tsayawa, har gindin wata tsohuwar bishiya kusa da rafi. Muna zaune sai Baba ya damƙe hannuna, yana nuna sama. Ni dai na ji wani siririn kuka, amma ban ga komai ba sai ganye. Liman bai ji komai ba, sai ya bi yatsan Baba da ido, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce a hankali, "Kore ne, cikinsa rawaya." Baba ya ce, "Idon fa? Idon!" Ya ce, "Farin kwalli, Taher. Kuma ba ɗaya ba ne, ga uwa tana ciyar da 'ya'ya."

Baba ya sunkuyar da kai. Ban taɓa ganin hawayensa ba sai ranar.

Jiya a taron Liman ya miƙe ya ce shi har gobe bai yarda da rabin maganar Taher ba, amma abin da idonsa ya gani ba zai ɓoye ba, kuma halittar da Allah bai ajiye ko'ina ba sai a nan amana ce a wuyansu. An yi ta ja-in-ja, wasu suka fita cikin fushi, amma mafi yawa suka ce ba za a sayar ba. Masu haƙar za su dawo, kowa ya sani. Na bana dai daji ya tsira.

Yanzu ga saƙon Baba, ya sa na rantse zan rubuta yadda ya faɗa. Ya ce ba zai taho ba sai kin zo. Ya ce tun kina amarya ya sa wa tsuntsun nan sunanki a littafi, yaran garin nan har yau Jubaida suke kiransa, ke kuwa ba ki taɓa jin muryarsa ba, kina gida kina riƙe da mu. Na ce ƙafarki fa? Liman ya ce samarin masallaci za su ɗauke ki a kujera har gindin bishiyar.

Jirgin zai juyo ranar Laraba. Yaya Muhdar ya rako ki, kuma ki zo da rigar ruwa.

Muna jiranki.
'Yarki mai ƙaunarki, Hairia.