Lafiyar da Ta Hana Ni Komowa

Daga Uwaisu a barikin Ikko zuwa ga mahaifina, a Limawa ta Dutse.

Allah ya gafarta Malam, gaisuwa da ban girma. Yaya ƙafar Inna? Iyalina Luba ta sauka kuwa? Ni lafiya lau nake a aikin dakon soja, abinci ne dai sai haƙuri.

Shekaranjiya likitan Bature ya huda mana yatsa, ya shafa jinin a gilashi, ya leƙa. Da ya zo kaina ya ce "negatif". Tafinta ya ce wai ba cuta ke nan, in yi murna. To amma Falalu na Kiyawa, da aka ce jininsa da cuta, shi aka sallama, shi ne ma zai kawo muku wannan takarda. Mu masu negatif kuwa an ware mu, an raba mana barguna, ga jirgin ruwa tsaye a bakin teku. Na tambayi tafinta ina za mu, ya kau da kai.

A ce wa ƙanena Sale ya riƙe gonata. Malam, a sa ni a addu'a, amma ban san ko lafiya zan ce a roƙa mini ba.