Tsatsa a Motar Kumandan

Yaya Namata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina lafiyarka da ta iyali? Yaya zaman Kumashi? Mu nan Dogon Dutsi lau muke.

Aikin tuƙin da ka samo mini ya kusa suɓucewa. Tsakuwar hanyar Lugu ta ɓaɓɓantare fentin motar kumandan, ni kuwa na shafa wa wuraren man shanu, yadda muke yi wa sirdi. Da damina ta sauka, sai ga tsatsa jawur. Na kankare ta da toka, na ɗiɗɗiga fenti da gashin kaza. Jiya kumandan ya zagaya motar sau biyu, ya ce, "Mu tafi." Sai lokacin na saki numfashi.

A taya ni addu'a, a gaida Hajo da yara. Zancen man shanu kuwa, don Allah ya tsaya tsakaninmu.

Ƙaninka,
Mayaƙi