Ranar da Muka Tsare Taransifomar Layinmu

Gyadi-Gyadi, Kano.
9 ga Afrilu, 2000.

Zuwa ga Yayana Muhammad Auwal,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka lafiya, kai da Yaya Safiyyah da yara, da sauran 'yan'uwa da ke nan Fatakwal. Allah ya ƙara rufa asiri, ya sa albarka a nema. Mu nan ƙalau muke, sai dai zafin bazara da ya tsananta. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har tana zaga tsakar gida da sandarta. Ƙanwarmu Binta ma ta sauka lafiya, an yi suna, yarinya ta ci sunan Muhibbat.

Saƙonka ya iso, cewa in rufe gidan Baba in ɗauko Inna mu koma wajenka, don ka ji na shiga rigima. Yaya, na gode da kulawa, amma ba inda za mu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, don haka ka ji zancen daga bakina.

Ka san famfon layinmu ya fi shekara uku bai ɗiga ba. Rijiyar burtsatse ta bayan masallaci ce ke riƙe da mu, ita kuwa ba ta tura ruwa tanki sai an kawo wuta. To, ran Talata da hantsi, maza duk sun watse wajen aiki da kasuwa, ina cikin wanke wa Inna kaya, sai ga Iyabo, maƙwabciyarmu mai injin markaɗe, ta faɗo gida tana haki. Ta ce wata babbar mota mai ƙugiya ta tsaya gindin taransifoma, har an fara kwance wayoyi. Na zari mayafi na fita da kumfa a hannu. Na tambayi babban mutanen da suka zo da motar, ya ce gyara za a kai ta. Na ce abin da ya ba mu wuta jiya, wane gyara yake nema yau? Sai ya nuna min wata takarda. Ya ɗauka ban iya karatu ba, bai san shekara ashirin na yi ina koyarwa a firamare ba. Takardar ba hatimin kowane ofis, sai sunan Alhaji Ƙasimu, mai sabon kamfanin ƙanƙara ta wajen Darmanawa, wanda tun da aka gama zaɓe yake taƙama yana da uwa a gindin murhu.

Nan fa tura ta kai bango. Iyabo ta bi gida-gida tana buga ƙofa, Uju mai shagon ɗinki ta bar kekenta ta fito da igiyar awo rataye a wuya. Kafin ka ce kwabo mata sun cika wurin da bokitai da jarkoki, duk ba ko ɗigo a ciki. Har Hajiya Uwani, wadda rabon da a ga ƙafarta a titi tun rasuwar mijinta, ta zo ta shimfiɗa tabarma daidai gaban tayar motar ta zauna tana jan carbi. Direba ya tayar da mota don ya ba mu tsoro, ba wadda ta ko motsa. Babban nasu ya ce zai kira mana hukuma. Na ce masa lokacin soja mun yi shiru an taka mu, amma bara mun tsaya cikin rana mun dangwala yatsa, kuma bakin da aka buɗe mana ba mai sake rufe shi. Da azahar ta yi muka riƙa shiga salla rukuni-rukuni, su Uju da Iyabo suna riƙe mana wuri. Ana kiran la'asar maza suka fara dawowa, mutanen suka tattara kayansu suka juya ba ko sallama. Ran Alhamis ma'aikatan wuta na gaskiya suka zo, suka ce ba su da labarin ɗauke taransifomar, suka mayar da wayoyi. Yaya, da ka ji guɗar da aka yi da ruwa ya fara zuba a tanki, sai ka ce amarya aka kawo.

Alhajin bai haƙura ba. Ya kai ƙara wai ni na tunzura jama'a, an ce in je ofishin 'yan sanda gobe Litinin. Jiya kuma ya aiko a asirce, cewa in na je na ba shi haƙuri zai janye, kuma tankar ruwa za ta riƙa zuwa gidanmu duk mako. Ban ma buɗe baki ba Inna ta amsa daga ɗaki, ta ce ruwan da za a sha a gidanta maƙwabta suna kallo da ƙishirwa, ita ko alwala ba ta yi da shi. Ɗan aiken ya tashi yana laluben takalmi.

Saboda haka kada ka ɗaga hankalinka. Gobe ba ni kaɗai zan je ba, mata arba'in da uku sun ce ƙafata ƙafarsu. Na roƙi Inna ta zauna a gida, ta ƙi, har ta sa an goge mata mayafinta na Idi. Addu'arka kawai muke nema.

Ka gaishe min da Yaya Safiyyah, da Junaid, da tagwayena Hasana da Husaina. Inna tana sa muku albarka.

Taka ƙanwa,
Huraira.