Ayabar da ta Nufo Rijiyata

Daga: Wartini Hardjosuwito, malamar lissafi mai ritaya, Layin Masallaci, Tegalwuluh

Zuwa ga: Mai girma Pak Sugiyarto, Shugaban Ƙauyen Tegalwuluh

14 ga Janairu, 2025

Game da: Iyakar gabas tsakanina da maƙwabcina Pak Kasmuri

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina gabatar da ƙorafina a rubuce, tunda da na faɗe shi da baki an ce tsufa ne.

1. A shekarar 1981 marigayi mijina da mahaifin Pak Kasmuri suka dasa ayaba a kan iyakarmu, yadda kowa ke yi a nan, aka sha shayi aka watse. Tsohuwar takardar filina cewa ta yi iyakar gabas ita ce ayaba. Ba awo, ba zane. Ayaba kawai.

2. Na haɗo da hoton bikin 'yata na watan Agusta 2008. A ciki an jera kujeru goma sha biyu daga rijiyata zuwa ayabar, wato mita shida. Jiya na sake gwadawa. Kujera ɗaya ta shiga, ta biyu ta ƙi.

3. A zaman sulhu na 9 ga Disamba, dattawa sun sanar da ni cewa iyakar da iyaye suka dasa ba ta motsi, don bishiya ba ta da ƙafa. Cikin girmamawa, duk wanda ya taɓa riƙe adda ya san ayaba sau ɗaya take haihuwa, a sare ta, tohon da ya fito a gefenta ya gaje ta. Ayabar 1981 ta rasu tun kafin wasu daga cikin dattawan su yi gemu. Wadda ke tsaye yau jikar jikarta ce, kuma ba inda kakarta ta tsaya take ba.

4. Tunda Pak Kasmuri ya gaji gidan a ƙarshen 2009, duk damina yakan sare tohon da ya fito ta wajensa, ya bar na wajena. Da na same shi yana yi, ya rusuna ya ce share mini wuri yake don kada maciji ya sare ni. Macizan nan, ga dukkan alamu, gabas kaɗai suke zama. Duk girbi kuma yakan aiko mini da soyayyar ayaba. A wurin sulhu ya ce shekara goma sha biyar ina ci ban yi magana ba. Na amsa na ci, kuma matarsa ta iya suya. Amma cin soyayyar ayaba ba sa hannu ba ne.

5. Ayabar ta yi tafiyar mita biyar da santimita talatin a shekara goma sha biyar, kimanin santimita talatin da biyar ke nan duk shekara. Saura saba'in. Ranka ya daɗe zai iya bin lissafin, ni na koya masa rabawa, ko da yake mun sha fama. Nan da damina biyu rijiyata ta koma gidan Pak Kasmuri, wanda, cikin ikon Allah, bara ya gina tankunan kiwon tarwaɗa guda uku kusa da iyakar. Mijina ne ya haƙa rijiyar nan da hannunsa. Ranar da ya shafe bakinta ya rubuta sunana da yatsa a ɗanyen siminti, yana nan har yau. Ban taɓa shan ruwan wata rijiya na ji na sha ruwa ba.

Na bincika, hanyoyi uku doka ta buɗe mini. Sulhu, na gwada, na dawo da ayaba biyu a leda. Kotu, surukina ya ce kafin a yanke hukunci tarwaɗa ta yi jikoki a rijiyar. Saura ta uku: ma'aikatan ofishin filaye su zo su auna, maƙwabta su halarta, kai ka shaida.

Don haka ina roƙon ka ba ni takardar da zan kai ofishin filaye, ka kira Pak Kasmuri ranar awo, a duba hoton, a kafa turakun siminti. Shi siminti ba ya toho.

Idan kuwa ka tabbatar da hukuncin dattawa cewa duk inda ayaba take nan ne iyaka, zan bi da ladabi. Sai dai a rubuta cewa na wasa addar mijina, kuma na fahimci dabarar. Daga ayabar zuwa tankunan tarwaɗa mita biyu ne, tafiyar shekara shida. Shekaruna saba'in da shida, mahaifiyata kuma sai da ta kai casa'in da takwas. Ayabar ma ni zan riƙa soya masa.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira.

Taka mai biyayya, kuma tsohuwar malamarka,

Wartini Hardjosuwito