Shirun Baba a Rediyo

Sydney, 9 ga Mayu, 1938

Zuwa ga Yaya Beryl,

Ina miƙo gaisuwa mai yawa, tawa da ta mutanen gida. Allah ya sa takardar nan ta same ku lafiya, ke da Clarrie da yara, ya kuma saukar muku da ruwa kafin fari ya cinye tumakin. Mu lafiya lau. Gwaggo Ivy ta warke daga tari, har ta koma faɗa da mai kawo madara.

Wasiƙarki ce ta sa na ɗauki alƙalami. Kin ce kun kewaye rediyo don jin wasan barkwancin da Baba yake ciki, amma ana zuwa wurinsa akwatin ya ɗauke, har Clarrie ya yi ta bubbuga shi. Yaya, rediyonku lafiyarsa ƙalau. Baba ne ya yi shiru.

Kin san wasan tun ana yin sa a dandamali. Baba ne mai kanti marowaci, matarsa ta gaya masa ta kyautar da buhun sukari, shi kuma ya juyo ya kalli jama'a, gira ɗaya a sama, ko uffan. Shekara talatin yana cin abinci da wannan kallon. Da gidan rediyo suka ɗauki wasan, mako uku muka yi muna gwaji, ni ina gefe da ƙoƙon kwakwa da tsohuwar ƙofa, ina yin ƙarar sawun doki da ta shigowar masu sayayya. Baba ya koyi komai, har da sakin takarda a kan darduma don kada a ji motsinta. Mista Pettigrew, mai shirya wasan, kullum yana ce masa ya bar kallon nan, shi kuma yana cewa to. Ranar da aka watsa kai tsaye ya sha kwat kamar ango. Ana zuwa wurin sukari sai ya juya ga makirufo, ya ɗaga gira, yana jiran dariya. Daƙiƙa goma sha biyu! Gumi ya jiƙa ni sharkaf.

Da aka gama, Mista Pettigrew ya ce masa a gaban kowa makirufo ba shi da ido, kuma in girar ce gwanar, to a koya mata magana. A hanyar gida abu ɗaya Baba ya tambaye ni, wai ko Beryl ta yi dariya. Ya ba ni tausayi ƙwarai. Da wasiƙarki ta zo na karanta masa ita, na tsallake layin da kika ce akwatin ya ɗauke.

Na yi ta roƙon Mista Pettigrew har ya yarda a sake gwadawa sau ɗaya. Ya ba Baba shirun daƙiƙa huɗu, ni kuma zan kara agogo kusa da makirufo don mutane su san akwatinsu na da rai. In masu sauraro ba su rubuto cewa sun ji daɗi ba, wani za a ba matsayin mai kantin. Kuma Baba ba shi da inda zai koma, gidajen wasan duk sun zama gidajen silima. Don Allah ki rubuto wa gidan rediyon, ki sa maƙwabta su rubuto.

Ki gaida Clarrie da Noel da 'yar auta Joyce. Gwaggo Ivy tana gaishe ku, Baba ma haka.

Ranar Alhamis, 26 ga wata, ƙarfe bakwai ne za a sake watsa wasan. In kin ji an yi tsit sai agogo, ki riƙe hannun Clarrie. Baba ne yake kallonki.

Ƙanwarki,
Thelma