Abin da Zeinab Ta Faɗa a Gaban Manya

Zongo, Lome
Lahadi, 9 ga watan Yuni

Zuwa ga Yayana Alhaji Garuba, a Libreville.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa ta ladabi irin wadda ƙane ke yi wa wansa, ina roƙon Allah takardar nan ta iske ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Hajiya Asiyatu da yara baki ɗaya. Allah Ya yaye maka ciwon gwiwar nan da aka ce ya hana ka fita shago kwana biyu, Ya sa kaffara ne. Mu nan lafiya lau muke, sai godiya. Damina ta kankama, ruwan ranar Talata ya shiga gidajen layin bayan masallaci, amma namu ya tsira, katangar kicin kaɗai ta jiƙe. Idon Inna Ruƙayyat ya yi sauƙi tun bayan aikin da aka yi mata, yanzu har tana zura zare a allura da kanta, ta hana kowa taimaka mata. Ɗana Rachid ya gama jarrabawa yana jiran sakamako. Raguna sun fara sauka daga Arewa, unguwa duk ta cika da kukansu.

Yaya, wayar da ka yi mini ranar Alhamis ita ta sa na zauna rubutun nan. Ka ce an gaya maka 'yarka Zeinab ta tsaya gaban manyan gwamnati ta yi rashin kunya, ta zubar da aikin da aka ba ta, kuma ni da ka bar wa amanarta tun tana 'yar shekara tara ina zaune ina kallo. Ban amsa maka ba, domin ban saba mayar maka da magana ba, ga layi kuma yana yankewa. Amma wanda ya kai maka labarin ƙarshensa kaɗai ya kai. Alassani zai taso wajenku ranar Laraba, shi ya sa na ce bari in ba shi cikakken bayani a rubuce ya kawo maka.

Ka san shekara goma sha tara ke nan ina riƙe da makullin sito a kamfanin nan na shinkafa da man girki da ke kusa da tashar jirgin ruwa. Bara aka yi ta shela a rediyo cewa an fito da shirin sama wa matasa aiki. Gwamnati ce za ta riƙa ba yaro ɗan abin sawa a aljihu har shekara guda, kamfani ya koya masa aiki, in shekara ta cika kuma ya ɗauke shi. Zeinab tana gida shekara biyu da takardar jami'a a akwati, tana taya matata Kadidja tuyar ƙosai. Ni da kaina na raka ta ta rubuta sunanta. Ranar da sunan ya fito, aka ce ma a kamfaninmu za ta yi, sai da na yi sadaka. Su arba'in aka kawo mana, kowa da farar riga da hula masu tambarin shirin. Aka raba su, ita aka turo ta sito wajena.

Watannin farko ban taɓa jin daɗin aiki kamar su ba. Na koya mata yadda ake gane buhun da ruwa ya taɓa tun kafin a buɗe shi, da yadda ake magana da direbobin tirela har su sauke kaya ba rigima. Ita kuma ta zaunar da ni gaban na'ura ta koya mini abin da na shekara ina gudu. A wurin aiki Musye Ayouba take ce mini don kada a ce ina fifita ta, sai mun hau zemijan, wato acaba, za mu dawo gida in koma Baffa.

A wata na takwas aka ɗauke ta daga sito aka mayar da ita ofishin shugaban ma'aikata, saboda Faransancinta yana da kyau kuma hannunta yana da sauri. Can ne aka ba ta takardu ta buga. Wata ranar Litinin ta dawo gida ta ƙi cin abinci, Talata ma haka. Kadidja ta yi tsammanin zazzaɓi ne. Ranar Laraba bayan la'asar ta same ni a ƙofar ɗaki ta durƙusa, ta ce tana da magana. Ta ce da hannunta ta buga takardun sallamar tsofaffin ma'aikata ashirin da uku, kuma ta huɗu a cikinsu sunana ne. Ta ce su arba'in ɗin ma ba ɗaukarsu za a yi ba, uku kaɗai za a riƙe don a ɗauki hoto, sauran a sallame su a kawo wasu sababbi arba'in da gwamnati za ta ci gaba da biya. Haka aka yi wa na shekarar da ta gabata a reshen kamfanin na Baguida, mu ba mu sani ba. Abin da ya fi tayar mata da hankali shi ne ta ga sunan mai kamfaninmu a saman takardar kwamitin da ya tsara shirin. Shi da abokansa masu kamfanoni su suka rubuta ƙa'idojin, su suka cire sharaɗin da ya hana a kori tsohon ma'aikaci a sa yaron shiri a gurbinsa, kuma su ne ke aika wa gwamnati rahoton yawan matasan da suka samu aiki. Sannan ta ce shugaban ma'aikata ya yi mata albishir cewa tana cikin ukun da za a riƙe, makullin sito za a ba ta, abin da ake so kawai ta karanta jawabin godiya ranar bikin cikar shekara.

Ba zan ɓoye maka ba, Yaya, ni ne na ce ta karɓa. Na ce mata ni na riga na ci zamanina, in ɗaya daga cikinmu zai rage a wurin gara ita, kuma gidan da albashi ɗaya ke shiga ya fi wanda babu ko ɗaya. Na ce mutanen nan tare suke cin abinci da waɗanda za mu kai wa ƙara. Ta saurare ni har na gama, kanta a ƙasa. Sai ta ce ta ji, amma ta tambaye ni yadda za ta riƙa buɗe ƙofar siton nan kowace safiya da makullin da aka ƙwace daga hannuna, da kuma abin da za ta ce wa matar Tchakoura in sun haɗu a famfo. Tchakoura shi ne mai tuƙa injin ɗaga kaya, maƙwabcinmu, 'ya'yansa shida, sunansa na biye da nawa a takardar.

Kadidja ce ta kai ta kasuwar Assigamé wajen Madam Akossiwa, wata mai sayar da atamfa da suka saba tun da daɗewa, wadda ta yi shekaru tana aikin duba haƙƙin ma'aikata kafin ta yi ritaya. Matar nan Allah Ya saka mata da alheri. Ta gargaɗi Zeinab kada ta kuskura ta fitar da takarda ko ɗaya daga ofis, don da haka za su kama ta su ce ɓarauniya ce, maganar ta mutu. Ta ce ba ta buƙatar takarda, mutanen da aka yi wa abin suna nan da ransu, ta nemo su. Mako uku yarinyar nan tana tashi daga aiki ta nufi Baguida da Akodésséwa tana bin gidajen yaran bara. Wani ta same shi yana acaba, wata tana sayar da ruwan leda a bakin titi da rigar shirin a jikinta.

Mafi wuya shi ne haɗa tsofaffi da yara wuri guda. Lokacin an riga an raba mana takardun sallama, tsofaffi sun daina amsa gaisuwar yaran. Muka taru wata Lahadi da hantsi a farfajiyar makarantar Islamiyya. Tchakoura ya miƙe ya ce shi ba zai zauna da waɗanda ya koya wa aiki suka cinye abincin 'ya'yansa ba, ya nuna Zeinab da yatsa ya ce ga babbarsu nan. Na yunƙura zan tanka, amma ta riga ni magana. Ta ce masa gaskiyarsa ne ya yi fushi, sai dai ya dubi yaran nan goma sha bakwai da ke zaune a bayansa, su ma bara an ce su suka cinye abincin wasu, yau ga su ba su da na kansu. Ta ce wanda ya ci yana can bai zo taron ba. Tchakoura ya juya ya dube su ɗaya bayan ɗaya, sannan ya koma ya zauna.

Ranar bikin an kafa rumfuna a harabar kamfanin, ga 'yan jarida, ga wani babban jami'i da aka turo, mai kamfanin yana gefensa suna ta raha. Zeinab ta hau ta karanta rabin jawabin da aka rubuta mata. Ta gode wa gwamnati, kuma na san har zuciyarta ta gode, don ta koyi aiki. Daga nan ta ajiye takardar. Cikin ladabi ta roƙi duk wanda aka ba takardar sallama a watan nan ya miƙe. Muka miƙe mu ashirin da uku. Ta roƙi waɗanda aka rubuta cewa sun samu aiki bara, alhali suna gida, su ma su miƙe. Suka miƙe daga bayan rumfa da tsofaffin rigunansu. Sai ta ce wa babban baƙon tana roƙonsa ya ƙirga da idonsa, kada ya jira rahoto. Iyakar abin da ta faɗa ke nan, Yaya, kafin a kashe lasifika. Ba ta zagi kowa ba, ba ta ambaci sunan kowa ba. Ni da nake tsaye ina kallon 'yarka, hawaye ne suka zubo mini a gaban jama'a, ban ma damu in share ba.

Ba zan ce maka komai ya gyaru ba. An turo masu bincike, an dakatar da sallamar, daga baya aka mayar da mutum goma sha huɗu bakin aikinsu, har da Tchakoura. A cikin yaran an ɗauki goma sha ɗaya maimakon uku. Ni ba na cikin waɗanda aka mayar, kuma na san dalili, amma an sallame ni da cikakken haƙƙina, abin da da farko ba su yi niyya ba. Mai kamfanin yana nan a kujerarsa ta kwamiti, an ce ma suna kawai za a sauya wa shirin. Zeinab kuwa washegari mai gadi ya tare ta a ƙofa. Ta nemi aiki wurare biyu, duka suka ce za su kira ta, ba su kira ba, don masu kamfanonin nan duk sun san juna. Wannan ya yi mini ciwo ƙwarai, kuma na san shi ne abin da ya ɓata maka rai.

Amma Allah bai bar ta ba. Madam Akossiwa ta kai maganarta ga ƙungiyar mata masu atamfa, waɗanda suka daɗe suna shan wahala wajen fitar da kayansu daga tashar jirgin ruwa. Yau wata guda ke nan Zeinab ce ke bin musu takardun kaya, tana da ɗan teburinta a bene na biyu a kasuwa. Abin da take samu bai kai na kamfani ba, amma matan nan sun riƙe ta kamar 'yar cikinsu. Ni ma ta jawo ni, ina duba musu ɗakin ajiya kwana uku a mako. Ranar Juma'ar da ta wuce Tchakoura ya zo har gida da matarsa, ya tsaya a tsakar gida ya nemi gafararta a gaban kowa, ita kuwa kunya ta sa ta gudu ɗaki.

Don haka ni godiya na rubuto in yi maka, ba ban haƙuri kaɗai ba. Ka ba ni yarinya in riƙa, na ɗauka ni ke yi maka alheri. A ranar da na ce ta sunkuyar da kai ta karɓa, ita ce ta fi ni sanin abin da ya dace, kuma wannan halin ba a wajena ta samo shi ba. Na tuna shekarar da ka ajiye aikin awo a kasuwar hatsi saboda an umarce ka ka riƙa rage mudu, Baba ya yi wata guda ba ya yi maka magana, daga baya kuma ya riƙa ba da labarin a zaure yana alfahari. Ina roƙonka kada ka kai wata guda. Ba ta san na rubuto ba. Ta ji muryarka ta cikin waya ranar Alhamis, tun daga ranar ba ta ce komai ba, amma na lura ko wanka za ta shiga sai ta ba Kadidja wayarta ta ce in Babanta ya kira a buga mata ƙofa. Ka kira ta ranar Sallah bayan an sauko daga idi, ka sa mata albarka da bakinka. Duk abin da ta rasa a wannan lamari, wannan ne kaɗai na ga tana jira.

Ka gaishe mini da Hajiya Asiyatu, ka ce mata ta kwantar da hankalinta, 'yarta tana cin abinci har ta fara murmurewa. Ina gaida Souleymane da amaryarsa Hamdiya, da Afra'u, da ƙaramin Abdoul da ban taɓa gani ba sai a hoto. Ka miƙa gaisuwata ga Malam Jumare da sauran mutanen Zongo da ke wajenku. Inna Ruƙayyat ta ce a gaya maka kilishin da ke cikin ƙullin Alassani naka ne kai kaɗai, kada ka raba. Kadidja da Rachid suna gaisuwa. Allah Ya kai mu Sallah lafiya, Ya karɓi ibadunmu, Ya jiƙan iyayenmu, Ya sake haɗa fuskokinmu da alheri.

Ƙanenka da ba ya manta alherinka,
Ayouba