Khanun da Layin Sufaye

Litinin, 22 ga Yuli

Yau Wirat ya fara fitowa cikin layin sufayen haikalinmu, masu bin layi da kwano suna karɓar sadakar safe. Ɗana, kai a aske ƙwal, ba takalmi, shi ne na bakwai, na ƙarshe. Wata uku ya ce, damina na wucewa zai ajiye rawayen mayafin ya dawo gida.

Na durƙusa a bakin hanya da kwandon shinkafata, ina sa wa kowa dunƙule a kwanonsa. Sai Khanun ya haura katanga. Karen Wirat ne, tun yana kwikwiyo a gadonsa yake kwana. Ya bangaje ni ta baya, na yi gaba, saura ƙiris in dafa ƙafar ɗana. Mace ba ta taɓa sufi, ko da ita ta haife shi.

Laraba, 24 ga Yuli

Na kulle Khanun a ɗaki, ya cinye ƙasan ƙofa. Na ɗaure shi a gindin mangwaro, ya shaƙe kansa har harshe ya fito. Ba zai zauna a gida ba muddin yana jin ƙanshin mai shi a hanya.

Shugaban haikali ya tsayar da ni da yamma. A hankali ya yi maganar, shi ya sa ta fi tsorata ni. In aka sake, za su daina bi ta layinmu, su koma ta bayan kasuwa. Da wannan gwiwar tawa ba zan kai bayan kasuwa da sassafe ba. Minti ɗayan nan na safe shi ne duk abin da ya rage mini na Wirat.

Alhamis, 25 ga Yuli

Thongsuk maƙwabciyata ta leƙo ta katanga. "Ke Buaphan, hannu nawa gare ki? Ɗaya kwando, ɗaya shinkafa, igiyar kuma da haƙori za ki riƙe? Haƙoran ma guda nawa suka rage?"

Ta ce in ɗaura gyalen ɗamarar marigayi mijina a ƙugu in ƙulla igiyar a jiki. In ya ja, in tsaya cak kamar turke, kada in ja shi, kada in yi magana, sai igiyar ta saki sannan in ɗaga ƙafa. Wai haka ubanta ya horar da ɓaunar nomansu. Na ce ɓauna tana da hankali.

Asabar, 27 ga Yuli

Daga ƙofar gida zuwa shagon mai taliya, rabin awa. Taku uku, tsayawa. Taku biyu, tsayawa. Ƙuguna ya yi jawur.

Litinin, 29 ga Yuli

Kwana biyar ban fita sadaka ba, tsoro. Ina cikin ɗaki rungume da kare ina jin takun sufaye yana wucewa. Na tsane shi yau, na faɗa masa a kunne. Ya lashe mini hannu, ɗan banza.

Talata, 6 ga Agusta

Yanzu in ya ji igiya ta miƙe yana waiwayowa ya dube ni. Ina ba shi guntun busasshen kifi a nan gefen ƙafata, ba a gaba ba. Thongsuk ta ce unguwa duk ta san ni yanzu, tsohuwar da kare ke fita da ita shan iska.

Ta ɗauko tsohon zanenta ruwan lemo ta yafa, tana wucewa ta gabanmu a hankali wai ita ce sufi. Na yi dariya har na tsorata da kaina, na ce ta cire kafin wani ya gani. Khanun ko kallonta bai yi ba. Ba mayafin yake bi ba.

Litinin, 19 ga Agusta

Mun fita. Na durƙusa, na danne igiyar da gwiwa. Na ɗaya, na biyu, lafiya. Daga na biyar ya fara wannan kukan nasa na cikin maƙogwaro, jikinsa duk yana karkarwa a jikin cinyata. Wirat na isowa ya zabura. Na ji gyalen ya shige mini ciki, na kwanta baya da duk nauyina, shinkafa ta watse a ƙasa. Ban taɓa kowa ba. Amma ɗana ya wuce da kwanonsa ba komai daga hannuna.

Shugaban haikali ya waiwayo sau ɗaya. Ya ci gaba da tafiya. Gara ma da ya yi mini faɗa.

Talata, 3 ga Satumba

Mako biyu muna tsayawa can nesa, gindin falwaya, Thongsuk ke miƙa shinkafata. Kullum muna matsowa taku biyu. Yau ya zauna har suka wuce, yana kuka amma a zaune. Na ba shi kifi har da nawa na rana.

Wirat ya rame. Akwai cizon sauro a wuyan hannunsa, ya sosa har ya yi ciwo. Tun yana yaro haka yake.

Alhamis, 12 ga Satumba

Da hannuna na sa wa Wirat a kwanonsa. Dunƙule biyu.

Talata, 15 ga Oktoba

Wirat ya aiko a kira ni haikali. Shi a kan dakali, ni a ƙasa. Na ce, "Ranka ya daɗe, jibi damina za ta ƙare, na wanke zanen gadonka." Ya kalli tabarma.

"Mahaifiya, ba zan ajiye mayafin ba."

Mahaifiya. Shekara ashirin da shida yana ce mini Inna. Na ce sai yaushe. Ya ce bai sa rana ba. Na sunkuyar da goshi ƙasa sau uku kamar yadda ake yi, na taso. Kowa a hanya sai taya ni murna yake, wai lada har ga uwa. Na ce na gode, na gode. Na shiga gida na fasa kwano da gangan.

Asabar, 19 ga Oktoba

Sabbin da suka shiga tare da Wirat duk sun koma gidajensu. Layin ya zama mutum huɗu, shi ne na huɗu.

Na sa masa shinkafa. Ya rufe kwano ya juya. Ban san lokacin da na miƙe ba. Na bi bayansa, hannuna a miƙe, so nake in damƙo wuyan hannun nan in ja shi gida, ko me za a ce a ce. Taku biyu na yi, sai na ji gyalen ya riƙe ni ta baya.

Na waiwaya. Khanun yana zaune inda na bar shi, bai motsa ba, yana kallona.

Na tsaya. Har suka sha kwana ina tsaye, sannan na ja da baya igiyar ta saki. Thongsuk ta gani.

Na ɗauka zan wuni a kwance. Ban kwanta ba. Mun zaga har bakin rafi mun dawo, na jiƙa shinkafar gobe, na ci abincina duka. Abin da ya ba ni haushi ke nan, har da ƙari na yi.